Mamacin da Ke Wasa da Azahar

Da ƙarfe takwas da rabi na safiyar Alhamis wani dogon saurayi ya shigo komisariya, ofishin 'yan sanda na Maraɗi, riƙe da hannun wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya. Yarinyar tana rungume da ƙaramar ordinata, wato kwamfuta irin wadda ake ninkewa, kamar wani zai ƙwace mata ita.

Sufeto Maliki yana kan shayinsa na biyu. Shekara ashirin da uku yana wannan aiki. Ya ga gawa a rijiya, ya ga gawa a buhun gawayi, har ya fara ganin babu sauran abin da zai sa ya ajiye kofi bai shanye ba.

"Shef, sunana Ya'u," in ji saurayin. "Wagga ɗiyar wana ce, Tahira. Wana Abdulmutallib ya rasu kwana hamsin da biyu da sunka wuce. Hatsarin mota, bisa hanyar Ɗan Isa."

"Allah shi jiƙan shi. Mi ke tahe da ku?"

"Kwana ukku ke nan shina wasa."

Maliki ya ajiye kofin.

Tahira ta buɗe ordinatar ta nuna masa hoton da ta ɗauka jiya. Ga sunan babanta ya yi kore, ga rubutu a ƙasa da ke cewa yana cikin wasan yanzu, sai ta jira ya gama.

Maliki bai san wani wasa ba bayan dara da karta, kuma ko a kartar ma cinye shi ake yi. Ya aika aka kira Tsahara, 'yar sandar da ke kula da ƙararrakin waya da intanet.

Tsahara ta duba, ta yi masa bayani dalla-dalla. Marigayin yana da asusu, wanda 'yan gari ke ce wa kont, inda ya tara wasannin da ya saya shekara tara. Ya buɗe rabon iyali, ya sa mutum uku: 'yarsa, ƙanensa Ya'u, da wani abokinsa. Kowa yana shiga da nasa asusun ya ari wasa. Amma wasa ɗaya mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. In mai shi yana ciki, sauran sai su jira.

"To wani ya shiga da sunan mai shi," in ji Maliki.

"Haka ne, Shef. Kuma ya canza kalmar sirri."

"Wasa ne dai. A saye mata wani."

Yarinyar ta ɗago ta dube shi, sai da ya ji kunya ta kama shi.

"Garinmu na ciki," ta ce. "Ni da Baba munka gina shi. In zai yi tahiya sai shi aje mani akwati da muryarshi, in neme shi. Akwati goma sha ɗaya. Akwai kore guda, ya ce kada a taɓa shi sai ran suna."

"Sunan wa?"

Ya'u ya sunkuyar da kai. "Matar wana tana da ciki, Shef. Wata takwas. Sunan da ya zaɓa ma abin da za a haifa, na namiji da na mace, cikin akwatin nan ya hwaɗe su. Bai gaya ma kowa ba."

Maliki ya tambayi lokacin da mamacin ke shiga. Tahira ta ce daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi, Litinin, Talata, Laraba. Ya dubi agogon bango, ya ɗauki makullin mota.

Gidan yana unguwar Zariya, a nan cikin Maraɗi. Fadila, matar marigayin, tana takaba, don haka Tsahara ce ta shiga ɗaki wurinta. Maliki ya zauna a zaure. Wadda ta kawo masa ruwa yayar Fadila ce, Zuliha, mace mai tsabta da kaifin baki, wadda ta dawo gidan tun ranar rasuwa don ta zauna da ƙanwarta.

"Kun sa na makara wurin aiki," ta ce.

"Ina kike aiki, Madam?"

"Jiratawa. Ni ce sakatariyar ƙungiyar masu lambu."

"Wa kike zargi?"

"Ba ni zargin kowa. Amma wanda ke da shagon wasanni a gidan nan mutum guda ne, kuma shi ya kawo maku ƙara."

Tsahara ta fito da wata tsohuwar waya. Wayar marigayin ta farfashe a hatsarin, amma an ciro layinsa, Fadila ta sa a wannan don ta riƙa amsa masu ta'aziyya. Tsahara ta ce duk mai son canza kalmar sirrin asusun dole sai an turo masa lambobi ta wannan layi. Ta bincika saƙonni kaf, babu lambobin. Ko ba su zo ba, ko an goge su.

"Wayar nan tana hita gidan nan?" Maliki ya tambayi Zuliha.

"Ina za ta? Mai ita ma ba ta hita."

Ya juya wayar. A bayanta an liƙa ɗan guntun salatif kore, an rubuta 14 da biro. Ya dube shi, ya mayar wa Tsahara wayar.

Motar tana hawa kwalta Tsahara ta juyo wajensa.

"Shef, Fadila ta ba ni tausayi. Ta ce in kowa ya hita, ita ma takan sa yarinyar ta kunna mata akwatunan. Ba ta gaya ma yayarta ba, tana tsoron hwaɗa. Maganar koren akwatin ma ba ta gaya mata ba. Ta ce tun hwarkon cikin tana roƙon shi shi hwaɗa mata sunan, shi kuma yana mata dariya."

Shagon Ya'u wani ɗaki ne mai talabijin huɗu da fanka ɗaya da ke juyawa don sauke nauyi kawai. Maliki ya tsaya a tsakiya, hannu a baya.

"Tun da wanka ya rasu ka taɓa wasanninshi?"

"Wallahi ban taɓa ba, Shef. Zuciyata ba ta iya ɗauka."

Tsahara ta zauna gaban babbar ordinatar shagon ta danna sau uku. Asusun Ya'u ya nuna awa ɗari biyu da sittin a wasannin marigayin cikin wata guda.

"Zuciyarka ta yi ƙoƙari," in ji Maliki.

Gumi ya keto wa Ya'u. Ya amsa cewa yana barin masu zuwa shagon su yi wasa da gurbinsa na iyali. Wansa ya hana shi tun yana da rai, ya ce gurbin na 'yan gida ne, in wani baƙo ya yi maguɗi a ciki mai asusun za a hukunta. Da aka yi rasuwa sai ya ci gaba.

"Na ci amana, Shef, na sani. Amma ban shiga kont ɗinshi ba. Da na shiga, zan kawo kaina komisariya?"

Tsahara ta tabbatar da cewa gurbin iyali ba ya buɗe ƙofar mai asusu. Aron wasa kawai yake bayarwa. Ta bincika na'urorin shagon huɗu, babu inda aka taɓa shiga da sunan Abdulmutallib.

"Akwai hanyar ƙwato asusun?" Maliki ya tambaye ta.

"In akwai takardar ceto. Lambobi ne da ake ba mai asusu tun farko, shi rubuta shi ɓoye."

"Ya rubuta," in ji Ya'u da ƙaramar murya. "Na roƙe shi shi ba ni ajiya, ya ƙi. Ya ce ya kai ta Tsibiri."

Sha biyu ta gota. Maliki ya bar Ya'u da gargaɗi, suka kama hanya.

Abokin marigayin da ke Tsibiri shi ne Mushe Andarawus, wato Malam Andarawus, malamin lissafi, na ukun da ke cikin rabon iyalin. Tare suka yi lakwal, makarantar boko, tun suna yara. Sai da suka jira ya fito daga aji, suka bi shi gida, ƙarfe ɗaya ta riga ta wuce.

"Takarda?" Andarawus ya gyara tabarau. "Ban san wata takarda ba."

"Ya'u ya ce tana Tsibiri."

"Tsibiri gari ne babba, Shef."

Matarsa Ruhama tana tankaɗe a bakin madafa. Ta ajiye rariyar.

"Mushe, kai da ko ƙaryar wasa ba ka iya ba. Hwaɗa masu."

Andarawus ya cire tabarau ya goge fuska. Ya ce ya yi alkawari ne. Abdulmutallib ya ba shi takardar ya ce kada ya nuna wa kowa, ko ɗan'uwa ko hukuma, sai Tahira ta girma ya damƙa mata hannu da hannu. Da ya ga sunan abokinsa ya yi kore ranar Litinin, kwana biyu bai iya cin abinci ba. Ya rasa wanda zai gaya wa.

"A yanzu haka wani na cikin garin yarinyar nan," in ji Maliki. "Alkawarin nan don ita anka yi shi. Ka zaɓa."

Andarawus ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin madara. A ciki akwai takarda an naɗe ta a leda uku.

Tsahara ta ɗora ordinatarta a kan turmi da aka kifa. Ta shigar da lambobin, ta sa sabuwar kalmar sirri, ta kori duk wata na'ura da ke ciki. Ƙarfe biyu saura kwata sunan mamacin ya daina kore. Sai ta buɗe garin.



Andarawus ya san garin nan lungu-lungu, shi ya taya su gina kasuwar. Yanzu babu kasuwa. Babu masallaci, babu rijiyar da Tahira ta kewaye da furanni, babu dogon gidan da suka kwaikwayi nasu na Zariya. Fili ne fetal, sai ramuka da guntayen bango. A tsakiyar filin mutum-mutumin Abdulmutallib yana tsaye da farar hularsa, da diga a hannu.

Malamin ya zauna a ƙasa, a kan turɓaya, da wandonsa na aiki.

"Akwatunan fa?" in ji Maliki. Muryarsa ta ba shi mamaki.

"Ɗakin ciki nan yake," in ji Andarawus, yana nuna wani rami da yatsa. "Nan koren yake."

Tsahara ta duba ajiyar wasan. Wasan ajiya ɗaya yake riƙewa, ta ƙarshe, kuma ta ƙarshen an yi ta minti ashirin da suka wuce. Maliki ya tuna rabin awar da suka yi a bakin aji suna jira don kada su katse darasi.

"Shef, dubi wani abu," in ji Tsahara. "Ba a sayar da komi ba, ba a cire kowa daga iyali ba. Kuma mai son shahe garin nan maɓalli guda zai danna, cikin daƙiƙa biyu ya gama. Wannan da hannu ya rushe shi, tubali bayan tubali, kwana huɗu."

"Don mugunta?"

"Ko don bai iya ba. Marigayin da Ingilishi ya saita komi, saboda harkarshi ta atamfa da 'yan Najeriya. Mai karatun Faransanci kaɗai ba zai gane inda maɓallin yake ba."

Ta buɗe tarihin shiga. Wurin da ya nuna Yamai ne, babban birnin ƙasar, amma ta ce kada ya kula, kowa a ƙasar nan Yamai yake nunawa. Sunan na'urar ne abin dubawa. An rubuta SECRETARIAT.

Andarawus ya ɗago kai. Ya ce akwatunan nan da an taɓa su suke magana, ko da diga ne. Wanda ya fasa koren ya ji abin da ke ciki.

"To sunan bai ɓata ba tukuna," in ji Maliki. "Shina cikin kunnen mutum guda."

Daga Tsibiri zuwa Jiratawa sai an ratsa Maraɗi, kuma 'yan kabu-kabu ba su san motar hukuma ba. Ana kiran la'asar suka isa. Ofishin ƙungiyar masu lambu ɗaki biyu ne a bakin gonakin zogala, da faranti huɗu na hasken rana a kan rufi. A baranda akwai dogon tebur cike da wayoyin manoma suna shan caji. Kowace an liƙa mata salatif kore da lamba.

Maliki ya tsaya ya ƙirga har goma sha uku. Ta gaba goma sha biyar ce.

Zuliha tana bayan teburinta tana buga takarda. Da ta gan su hannunta ya tsaya.

"Madam, kin ce wayar ƙanwarki ba ta hita gida."

"Na manta ne. Ran Litinin an ɗauke wuta, na kawo mata ita caji. Laihi ne?"

"Ran Litinin ɗin anka turo lambobi anka goge su."

"Mutane nawa ke wucewa ta barandar nan?"

"Da yawa. Nawa ne cikinsu sunka san sunan kont ɗin surukinki?"

Tsahara ta zagaya ta roƙe ta ta matsa. A allon ordinatar, bayan takardar da ake bugawa, wasan yana nan a buɗe, da saƙon da ke cewa an fitar da wannan na'ura ƙarfe biyu saura kwata.

Zuliha ta naɗe hannuwanta. Ba ta yi kuka ba.

"Ni ce," ta ce. "Kuma ba sata na yi ba. Kun ga yarinyar nan kahin rasuwa? Kun ga yadda ta koma? Ba ta ci, ba ta wasa da yara. Ta dawo lakwal ta shige cikin abin nan, ta yi ta hira da wanda ke kabari. Ran Juma'a na ji ta tana ce mashi, Baba, yau na ci goma sha takwas bisa ashirin a lissahi. Uwar tana kwance tana jin ta, ba ta ce komi ba. Sai na ce in babu mai raba ta da shi, ni zan raba ta."

"Ba ki yi tunanin za ta ga sunan ubanta ya yi kore ba?"

Nan ne fuskarta ta motsa. "Ban san shina nunawa ba. Na zaci zan shiga in goge in hito. Na nemi wurin gogewa na rasa. Na taɓa ganin yadda take hwasa bango in za ta gyara gini, sai na yi hakanan. Lokacin hutun azahar kaɗai gare ni."

"Da ta zo tana rawar jiki ta gaya maku ran Litinin fa?"

"Na riga na hwara."

Maliki ya ga masu kisa da yawa, kuma yawancinsu sun fi wannan mata rikicewa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne har yanzu tana ganin gyara ta yi. Tambayar sunan tana bakinsa, amma ya haɗiye ta. Sunan jariri ba ɗan sanda ne ya kamata ya fara jin sa ba.

Ya gaya mata shiga asusun wani ba da izini ba da lalata abin da ke ciki laifi ne a doka, kuma akwai ƙara a rubuce. Ya sa Tsahara ta rufe ofishin, a zo a ɗauki na'urar gobe.

"Za mu biya ta Zariya tukuna," ya ce.

Fadila ta fito har bakin ƙofar tsakar gida, iyakar inda takan tsaya. Tana dafe da bango da hannu ɗaya, ɗayan yana kan cikinta. Tahira tana bayanta. Tsahara ta riga ta shiga ta faɗa musu komai.

Maliki ya tsaya daga zaure ya kau da ido. "Madam, in kin ce a janye ƙara, zan rubuta hakanan in kai gaba. Yayarki ce."

Fadila ba ta ko dube shi ba.

"Yaya," ta ce a hankali. "Ba zan tambaye ki dalili ba. Garin ya tahi, na haƙura. Ki hwaɗa mani sunan kawai, in ce su sake ki."

"Wane suna?"

"Na cikin koren akwatin. Na ɗakin ciki. Wanda ya zaɓa ma abin da ke cikina."

Zuliha ta dubi cikin ƙanwarta, ta dubi Tahira, ta dubi Maliki kamar shi zai ce wasa ake yi.

"Ba ki gaya mani ba," ta ce.

"Ina gaya maki yanzu. Kin taɓa shi, ya yi magana. Mi ya ce?"

"Fadila..."

"Ko na macen kaɗai. Ko harahin hwarko."

Zuliha ta sunkuyar da kai.

"Ordinatar ofishinmu ba ta da lasifika," ta ce. "Tun bara ta lalace. Kwana huɗun nan ban ji komi ba."

Tahira ta kama zanen uwarta. Fadila ta daɗe a tsaye, har Maliki ya fara tsoron za ta faɗi. Ya sake tambayar ta maganar ƙara, da muryar da bai taɓa yi wa mai ƙara magana da ita ba.

Ta juya ta shige ɗaki da 'yarta, ta saki labule.

Maliki ya jira minti guda cur. Labulen bai motsa ba. Ya yi wa Tsahara alama, ta kama hannun Zuliha suka fita da ita zuwa mota.